Gem da waƙa ne suka riƙe ni bayan rasuwar yayana, ko ni kaɗai ne haka?

Ɗan Auta:
Salam jama'a. Na daɗe ina so in yi maganar nan amma kullum sai in rubuta in goge. Wata goma sha huɗu kenan da Allah ya yi wa yayana rasuwa, shi nake bi, shekara uku ce tsakaninmu, ɗaki ɗaya muka tashi. Satin farko gida cike da mutane ba ka ma samun lokacin da za ka ji abin a jikinka, sai da kowa ya watse ya koma harkarsa sannan na san an yi mutuwa. Bacci ya ƙaurace min, in kwanta sha ɗaya ido biyu har asuba, waya in ta yi ƙara in kifa ta. Duk wanda ya kira tambayar ɗaya ce, ya haƙuri, ni ma amsar ɗaya ce, daga nan sai shiru ya biyo baya kowa ya rasa ta cewa.

Akwai abokina guda ɗaya da bai taɓa min wannan tambayar ba bayan ranar farko. Shi dai kullum ƙarfe tara na dare saƙo ɗaya zai turo, kalma biyu, ka hau. Yana nufin in hau eFootball, gem ɗin ƙwallon ƙafa, mu buga. Kwana tara ban kula shi ba kuma bai fasa ba, bai yi fushi ba, bai ce me na maka ba. Rana ta goma na hau don dai ya ƙyale ni. Ya ci ni huɗu da nema, bai raga min ko kaɗan ba, kuma wlh wannan rashin ragawar ita ta fi min komai daɗi don shi ne mutum na farko da ya ɗauke ni a yadda nake da, ba kamar ƙwan da za a fasa ba. Muka ci gaba kullum, muna kan kira muna bugawa, maganar ba ta wuce ka ga wannan fasin, kai alƙalin nan. Sai a wata na uku ana tsakiyar wasa bakina ya suɓuce na ce jiya na yi mafarkinsa. Bai tsayar da wasan ba, cewa kawai ya yi ina jin ka. Na yi ta magana ƙwallo tana yawo a fili ba mai bin ta, har aka tashi.

Bayan gem, abu na biyu kuma sauti ne. Watan jiya ina gyaran kayan yayana na ci karo da tsohuwar na'urar gem ɗinmu, PlayStation 2, na jona ta don in ga ko tana tashi, wannan ƙarar da take yi in an kunna tana fitowa sai ga ni zaune a ƙasa ina kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka kai shi. Na gan shi ƙarara, yadda yake zama ya naɗe ƙafa ɗaya yana cije leɓe in zai buga fenariti. Tambayata, akwai wanda irin wannan ta faru da shi? Don wani lokacin ina jin kunya, kamar bai dace a ce gem ne ya taimake ni a kan mutuwa ba.

Kawu:
Allah ya jiƙan yayanka ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi. Amma ɗana zan faɗa maka gaskiya ko da ba daɗi, ni ina tsoron abin nan. Mantuwa daban waraka daban. Wanda ya ɗaure miki da tsumma bai wanke ba, ranar da ya kwance zai tarar ya ci ciki. Ina ganin yara yanzu abu kaɗan ya same su sai a toshe kunne da iyafis a kifa kai a waya, ba a zama da baƙin ciki a kalle shi ido da ido, ba a yi wa mamaci addu'a yadda ya kamata. Mu abin da muka sani shi ne haƙuri da addu'a da zama cikin 'yan'uwa.

Ɗan Auta:
Amin Kawu, Allah ya ƙara girma. Addu'a ban taɓa fasa masa ba, ko yau na yi. Amma zama cikin 'yan'uwan da ka ce shi ne na kasa a lokacin, kowa a gidan yana fama da nasa, in na kalli mahaifiyarmu sai in ji ba ni da ikon in nuna nawa ciwon a gabanta. Gem ɗin bai sa na manta ba, a cikinsa ne ma na fara iya ambaton sunansa.

Maman Biyu:
Allah ya gafarta masa. Ƙanina ban ƙi taka ba amma bari in kawo ɗaya ɓangaren don kar a yi ta yabon abu ɗaya. Maigidana aikinsa ya tsaya shekara biyu da suka wuce, da farko da ya fara buga gem ɗin harbe-harbe na PUBG da abokansa har murna na yi, na ce gara haka da ya zauna yana saƙe-saƙe. To yau ina gaya muku sai ƙarfe uku na dare ina jiyo shi a falo yana ga shi can ga shi can, harbe shi, da safe ba ya iya tashi, yara su shirya su tafi bai san sun fita ba. Takardun neman aiki da ya ce zai tura tun watanni suna nan a kan tebur ƙura ta rufe su. In na yi magana ya ce ke ba ki san abin da nake ji ba, wannan ne kaɗai ke sa ni in ji sanyi. Shi ya samu inda zai ji sanyi, ni da yaran fa, mu ina za mu je? Mu ma fa abin ya same mu.

Mai Tsaron Raga:
Anti gaskiya abin da ciwo. Amma ina ganin bambancin shi ne da wa kake bugawa. In da baƙi kake haɗuwa waɗanda ba su san ko sunanka ba to ba mai ce maka je ka kwanta, amma abokai na gaske su ne za su ja maka birki.

Maman Biyu:
A'a ƙanina, da abokansa yake bugawa, tun na makaranta, na san su na san matansu. Biyu daga ciki su ma ba su da aikin, to wa zai ja wa wani birki? Kowa ya samu wanda zai taya shi ɓuya.

Mai Tsaron Raga:
To na janye Anti, ban yi tunanin wannan ba.

Nas Mai Aikin Dare:
Bari in sa baki a matsayina na wadda ke aikin jinya. Abin da Maman Biyu ta faɗa ba ƙorafin mata ba ne kawai kamar yadda wasu za su ɗauka, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa matsalar kamuwa da gem a kundinta na cututtuka da aka amince da shi a 2019 ya fara aiki a 2022. Kuma ba yawan awanni suka kalla ba, abu uku ne, mutum ya kasa iko da lokacin da zai fara da lokacin da zai daina, gem ya ture sauran abubuwan rayuwarsa gefe, sannan ya ci gaba duk da yana ganin ɓarnar da ake yi. Galibi sai an ga haka na kamar wata 12 kafin a kira shi cuta. Ban ga maigidanki ba don haka ba zan ce ga abin da ke damunsa ba, amma sau da yawa in ka tona irin wannan za ka tarar ciwon damuwa ne a ƙasa, gem ɗin bargo ne kawai aka lulluɓa. In kin ƙwace bargon ba ki taɓa zazzaɓin ba. Rashin bacci, rashin sha'awar komai, ganin kai ba shi da amfani, in sun wuce sati biyu a jere to a ga likita, ba abin kunya ba ne.

Amma kuma kar a ce gem ba ya da wani amfani a asibiti. Masu bincike a jami'ar Oksfod sun gwada wani abu da aka wallafa a 2017, mutum 71 da aka kawo sashen gaggawa bayan haɗarin mota, cikin awa 6 da faruwar abin aka sa rabinsu su ɗan tuno haɗarin sannan su buga Tetris, gem ɗin jera tubala, na kamar minti 20. A satin da ya biyo baya waɗanda suka buga sun fi samun sauƙin hotunan haɗarin nan da ke faɗo wa mutum a rai ba shiri. Bayanin da suka bayar shi ne jujjuya tubalan nan yana cinye ɓangaren ƙwaƙwalwa mai aiki da hoto, sai hoton tashin hankalin ya rasa wurin da zai kafu sosai. Ƙaramin gwaji ne, ba wai an ce Tetris magani ba ne, amma ya nuna abin ba shirme ba ne gaba ɗaya.

Jikar Hajiya:
Ni maganar sautin nan ce ta tsaya min a rai don ina ganinta kullum a gida. Kakata shekararta huɗu da cutar mantuwa, ni nake kwana da ita. Ba ta san sunana ba yanzu, wani lokacin ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun kafin a haife ni, ta ci abinci minti goma ta ce ba a ba ta ba. Wata rana ina taje mata kai sai na fara rera wata waƙa da take mana muna yara, a hankali kawai ba da wata niyya ba, na kai tsakiya na manta baitin. Wlh sai ji na yi ta ɗauka daga inda na tsaya, ta kai shi ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ko ɗaya ba, har da wani baiti da ni ban taɓa ji ba, tana yi tana buga cinyarta da yatsu biyu daidai da kiɗan. Da ta gama ta juyo ta kalle ni, kallon sani, irin wanda na shekara ban gani ba, ta ce kin girma. Bai fi minti biyar ba abin ya tafi ta koma yadda take. Amma minti biyar ɗin nan ni su nake ci har yau. Yanzu duk ranar da ta rikice da yamma tana neman ƙofa wai za ta tafi gida, ba na jayayya da ita, waƙar nake ɗauka sai ta zauna.

Ɗalibar Likitanci:
Allah sarki, Allah ya ba ki lada Yaya. Abin da kika gani sananne ne a wurin masu nazarin ƙwaƙwalwa. Akwai binciken da ya fito a 2015 daga cibiyar Max Planck ta Jamus da ya nuna wuraren da ke riƙe waƙoƙin da mutum ya daɗe da sani suna cikin waɗanda cutar mantuwa ta Alzheimer ba ta saurin cinyewa, shi ya sa suna kan ɓace waƙa ta rage. Misalin da ake yawan kawo mana a aji shi ne wani mawaƙi ɗan Ingila, Clive Wearing, a 1985 ƙwayar cuta ta shiga ƙwaƙwalwarsa ta lalata masa wurin ajiye sabon abu, ya zama ba ya riƙe komai fiye da 'yan daƙiƙu, matarsa in ta fita ta dawo sai ya tarbe ta kamar ya shekara bai gan ta ba. Amma in aka zaunar da shi gaban fiyano sai ya kaɗa tiryan-tiryan, har ya jagoranci masu rera waƙa.

Ɗan Auta kai kuma abin da ya same ka da ƙarar PlayStation, akwai dalilin da ya sa na lokacin yarinta da samartaka ya fi kamawa. An lura mutane in sun manyanta abin da suka fi tunawa shi ne abin da ya faru tsakanin shekara 10 zuwa 30 na rayuwarsu, kuma sautin wancan lokacin yana manne da fuskokin mutanen da kuka ji shi tare. Ba ka zauna ka ce bari in tuna shi ba, sautin ne ya buɗe ƙofar kafin ka shirya, shi ya sa kukan ya zo da ƙarfi haka.

Baƙon Gurup:
Ni dai a wurina waƙa cutar da ni ta yi, gaskiya. Lokacin da aurena ya mutu akwai waƙa ɗaya da muke ji tare a mota, na sa ta a maimaici, in ji ta sau talatin a dare, ina ji ina ƙirga laifukana ɗaya bayan ɗaya. Na ɗauka ina rage zafi ne ashe ina ƙara wa wutar itace. Wata shida na yi a haka na rame na fita hayyacina. Ranar da ƙanena ya karɓi wayar ya goge ta kamar in dake shi, amma a satin na fara bacci. Don haka in ana cewa waƙa magani ce ni sai in yi shiru.

Ɗalibar Likitanci:
Yaya gaskiyarka, kuma ba kai kaɗai ba ne. Waƙar baƙin ciki tana sa wani ya yi kuka ya ji nauyi ya sauka, wani kuma ta riƙe shi a wuri ɗaya yana ta juya tunani ɗaya kamar injin niƙa ba hatsi. Abin da zan ce mutum ya duba shi ne bayan waƙar ta ƙare ya yake ji, ya iya tashi ya yi wani abu ko hannunsa ne ya koma ya sake danna ta. Kuma ka lura da bambancin labarinka da na Jikar Hajiya, ita su biyu ne a cikin waƙar, kai kai kaɗai ne da iyafis a cikin duhu.

Kawu:
Na karanta duka a hankali. Ni ba na jin kiɗa, kun sani, kuma ba zan fara yau ba. Amma yarinyar nan mai kaka ta tuna min abu. Mahaifina yana da wata irin murya da yake karatu da ita bayan asuba, a hankali, yana jan ƙarshen aya. Shekara ashirin da shida da rasuwarsa. Bara ina wucewa na ji wani yana karatu da irin wannan jan, ƙafata ta ƙi tafiya, na tsaya a bakin hanya ni da furfurata ina share ido, har ƙamshin ɗakinsa sai da na ji. To in haka ne abin da ya sami Ɗan Auta da na'urarsa ba zan ce ƙarya ba ne, kunne yana da tasa ajiyar. Inda har yanzu ban sauka ba shi ne maganar wasan. Me ya hana abokin naka ya zo ya zauna da kai kawai, sai an sa ƙwallon ƙarya a tsakani?

Mai Tsaron Raga:
Kawu Allah ya ƙara girma, bari in amsa wannan don ni na taɓa zama a matsayin abokin. Lokacin kullen korona a 2020 wani abokinmu mahaifinsa ya rasu kuma ba halin zuwa, gari daban muke, hanya a rufe. In na kira shi minti biyu maganar ta ƙare don me za ka ce? Ka ce ya yi haƙuri sau nawa? Amma in muka hau gem ɗin yaƙi na Call of Duty mu huɗu sai mu yi awa biyu tare, yana jin numfashinmu muna jin nasa, in ya yi shiru ba wanda zai tsargu don akwai abin da ake yi. Mu maza da yawa ba mu iya zama fuska da fuska a ce to faɗi abin da ke ranka ba, harshe sai ya ɗaure. Amma in idonka yana kan wani abu hannunka yana aiki, maganar da kanta take zubowa. Kawu ko ku a zamaninku na tabbata akwai maganar da ba a yin ta sai ana tafiya a hanya ko ana wani aikin hannu, ba a zaune ana kallon juna ba.

Kuma akwai wani abu, a cikin wasan ana buƙatarsa. Mutumin da kowa ke tausayawa yana lallaɓawa, ga shi an ce kai ne za ka tsare mana baya, in ka faɗi mun faɗi. Shi da bakinsa ya gaya min daga baya cewa a watannin nan wurin nan ne kaɗai yake jin yana da amfani. A shekarar ma ai kamfanonin gem sun yi wani gangami na a yi wasa tare daga nesa suna yaɗa saƙonnin Hukumar Lafiya ta Duniya na zama a gida, ita hukumar da Anti Nas ta ce ta sa kamuwa da gem a kundin cuta shekara ɗaya kafin nan.

Kawu:
Maganar tafiya a hanya gaskiya ce, ni da aminina duk maganar da ta fi nauyi a tafe muka yi ta. Na ji wannan. Amma ku riƙe ta Maman Biyu, kar daɗin hira ya sa a bar ta a baya.

Nas Mai Aikin Dare:
Ba za a bar ta ba Kawu. Kuma don kar wani ya ɗauka ƙara awanni shi ne ƙara lafiya, a Oksfod ɗin dai wata cibiya mai nazarin intanet ta duba masu buga wani gem mai suna Animal Crossing a 2020 ta ga waɗanda suka fi bugawa sun ɗan fi bayyana jin daɗi, labarin ya zagaya duniya. Amma da suka sake yi a 2022 da mutane kusan dubu 39 a gem bakwai, sai suka ga yawan lokacin da kansa kusan ba ya ƙara komai ba ya rage komai. Abin da ya fi tasiri shi ne dalilin hawan, kana yi don kana so ne ko don ka ji dole, ba ka iya bari. Maman Biyu ina ganin nan ne tambayar maigidanki take.

Sannan ku masu iyafis dan Allah ku tausaya wa kunnuwanku, ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ga manya ita ce ƙarar da ba ta wuce desibel 80 ba (ma'aunin ƙarfin sauti kenan) na awa 40 a sati, in ka ƙara ƙara lokacin raguwa yake sosai. Jin da ya tafi ta wannan hanyar ba ya dawowa.

Maman Biyu:
Na gode Anti Nas. Gaskiya ban taɓa kallon abin ta wajen ciwo ba, ni dai haushi nake ji, kullum faɗa. Jiya da na karanta maganar Mai Tsaron Raga cewa a nan ne kaɗai abokinsa yake jin yana da amfani sai jikina ya yi sanyi, don na tuna tun da aikin ya tsaya ba abin da nake tambayarsa sai ina aka kwana maganar aiki. Ban ce na yafe daren da yake raba mu da shi ba, har yanzu da ciwo. Amma akwai ɗaya daga abokan nasa da yake jin maganarsa, mai aiki ne shi ba ya wuce sha ɗaya yake sauka, zan sa mijin yayata ya same shi su yi magana ko za a shawo kansa ya ga likita.

Ɗan Auta:
Anti in zan ƙara da abu ɗaya, abokin nan nawa shi yake cewa wasa uku kawai, in an gama na uku ko na roƙe shi sai ya ce gobe, ya sauka. A lokacin haushi nake ji. Kuma shi ne a wata na biyar ya ce min gobe ba gem, fitowa za ka yi mu taka, ya zo har ƙofa ya tsaya sai da na sa takalmi. Da irin abokan maigidanki na samu wataƙila da yanzu nawa labarin ake bayarwa a nan, don haka ba na ganin kaina na fi shi.

Mai Gyaran Na'ura:
Ɗan Auta tambaya, da ka kunna PlayStation 2 ɗin akwai memori kad, katin nan da ke ajiye wasa, a jiki? In akwai, ka lura da dogayen ginshiƙan nan masu kama da benaye da ke fitowa a allon farko tare da ƙarar? Ba ado ba ne kawai, na'urar tana karanta tarihin wasannin da aka buga daga kad ɗin ne ta zana su, kad sabo fil ba za ka ga komai ba sai hazo, wanda aka daɗe ana wasa da shi kuwa sai ka ga gari guda. Wato abin da ka gani a ranar nan wasanninku ne kai da shi.

Ɗan Auta:
Innalillahi. Wlh ban sani ba. Akwai kad a jiki, baƙi mai 8MB, har da guntun salatif da ya rubuta harafin farko na sunansa don kar in taɓa masa. Kuma allon cike yake da ginshiƙan. Yanzu na tashi na sake kunnawa na shiga ciki, kulob ɗinsa na Master League, wanda ya haɗa a gem ɗin ƙwallo, yana nan yadda ya bar shi, ya sa wa ɗan gaba sunansa ya sa wa mai tsaron gida sunana don kullum cewa yake ni ba na iya cin ƙwallo sai dai in tare. Ban iya buga wasan ba, na dai tsaya ina kallon jerin sunayen.

Mai Gyaran Na'ura:
To dan Allah kafin komai ka yi kwafi, kad ɗin nan sun tsufa, na'urar ta fito tun 2000 kuma ina ganin yadda suke mutuwa ba sallama. Ka samo kad na biyu ka sa a rami na biyu, ka kunna ba faifai a ciki, ka shiga burawuza ka zaɓi kad na farko, ka danna kan fayil ɗin za ka ga inda aka ce kwafi, ka tura shi na biyun. In za ka buga ka cire nasa ka ajiye ka yi amfani da kwafin, don kar wasan ya rubuta wani abu a kan nasa. Kuma kar ka zare kad lokacin da yake rubutu.

Jikar Hajiya:
Ni ma wannan shawarar ta sa zan ɗauki muryar kakata a waya yau in ta yi waƙar, musamman baitin nan da ban sani ba, kullum sai in ce gobe.

Ɗan Auta:
Ki ɗauka yau Yaya. Na tura wa abokina hoton jerin sunayen, ya ce yana da tsohon kad a gida zai kawo min ranar Asabar da hannun gem na biyu don namu ɗaya maɓallinsa ya mutu. Ya ce shi zai ɗauki kowane kulob, ni in riƙe na yayana. Na ce masa sai mun yi kwafin tukuna. Mahaifiyarmu ta leƙo ɗazu da ta ji ƙarar kunnawar, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wannan abin ai da shi kuke hana ni bacci, na ce ta shigo in nuna mata sunansa, ta shigo ta zauna a bakin gado.